Nauyin da Inna ta auna da yumɓu

A damanar nan da muke ciki Yaya Barira ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ni ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma aikina karanta labarai da sanarwa a wani gidan rediyo a nan Maraɗi. Sanarwar rasuwarta ma da bakina ta fita. Abokan aiki sun ce in bari su karanta, na ce a'a, na karanta ta iyayen mutane da ta 'ya'yansu shekara da shekaru, ba tawa zan guje wa ba. A irin wannan sanarwa akan jera sunayen waɗanda aka yi wa rashi: iyaye, 'ya'ya, dangi na gari kaza da gari kaza. Da na je wurin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, in tambaye ta yadda za a sa sunanta, sai ta ce mini, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka sa na Indo. Nawa ka bar shi." Haka aka yi. Duk wanda ya buɗe rediyo a ranar ya ji cewa Gwaggo Indo ta Jiratawa ta yi rashin 'ya. Ba wanda ya ji sunan matar da ta haife ta.

Dole in ɗan tsaya a nan saboda masu karatu na yanzu, waɗanda iyayensu ke sa hotonsu a waya suna rubuta sunansu a ƙasa. Barira ce 'yar fari a ɗakinmu. Inna kuwa Bagobira ce haifaffiyar Tibiri, ta tashi a lokacin da kunyar ɗan fari ke da ƙarfinta. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi a gabanta ta kau da kai. Ba ƙi ba ne. Tarbiyya ce, kuma da ita ake auna mace mai kunya. Da aka yaye Barira aka kai ta riƙo wurin ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo Indo, wadda ke aure a gidan magina tukwane a Jiratawa. Tun daga ranar Inna ba ta da abin kiranta sai "waccan" ko "ɗiyar Indo". Ni kaina na yi wayo sosai kafin in gane cewa yarinyar da ke zuwa mana hutu da jar ƙasa a farcenta cikinmu ɗaya da ita.

A Jiratawa Barira ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta wuce gaba, ta zama ma'aikaciyar jinya, aka kawo ta aiki wani gidan likita a cikin gari. A can ta fara lura da wasu marasa lafiya da awo ba ya kama ciwonsu. A duba jini lafiya, a duba zazzaɓi babu, amma mutum ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ya ce barci ya gagare shi tun ran da abu kaza ya faru. In an tambaye shi wane abu ne, sai ya ce, "Ba komi, an gode Allah." Mu mutanen nan mun iya wannan amsa. An koya mana haƙuri tun muna ƙanana, kuma haƙuri abu ne mai kyau, sai dai da yawanmu mun ɗauka ma'anarsa a haɗiye magana har ta zauna a ciki kamar dutse.

Wata shekara aka tura ta wani ɗan gajeren horo, inda wata likitar ƙwaƙwalwa ta nuna musu yadda ake ba wanda ya shiga tashin hankali takarda da fensir masu launi ya zana abin da bakinsa ya kasa faɗa. Ta dawo da zumuɗi ta gwada. Yara suka karɓa hannu biyu. Manya kuwa dariya abin ya ba su. Ta sha ba mu labarin wani tsohon ɗan kasuwa da ya dubi fensirin, ya dube ta, ya ce, "Madam, ni da jikoki goma za ki maida ɗan lakwal? In dai ba ki da allura, a sallame ni." Ta kwana biyu tana juya maganar. Daga nan ta tafi Jiratawa ta dawo da yumɓu cikin buhu. Hujjarta mai sauƙi ce. Fensir na waɗanda suka yi boko ne, amma ƙasa ta kowa ce. Babu tsohon da bai taɓa yaɓe bango ko gyara rumbu ba, babu tsohuwar da ba ta gina tukwanen wasa ba tana yarinya. Hannu ya riga ya san ta, ba ya jin kunyarta.

Gidanta yana unguwar Zariya, a nan Maraɗi. A tsakar gidan ta kafa rumfa, ta ajiye wata babbar kwatarniya cike da kwaɓaɓɓen yumɓu, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara don kada ya bushe. Kowace Alhamis bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi. Wanda ya zo ya wanke hannu, ya ɗebi yadda yake so, ya samu wuri ya zauna. Ba ta zama a gaban mutum, sai a gefensa, ita ma da nata curin a hannu tana murzawa. Ba ta cewa a gina kaza. Abin da ta fi tsanantawa a kai shi ne tambaya: ba a yarda kowa ya dubi abin da wani ya yi ya ce "mene ne wannan?" ba. In mai abu ya ga dama ya yi bayani, a saurare shi. In ya yi shiru, a bar shi da shirunsa. In an tashi, mutum zai iya tafiya da abinsa gida, ko ya bayar a kai matoya a Jiratawa a gasa masa. Amma yawanci sukan maida shi cikin kwatarniya su zuba ruwa, ya narke ya koma cikin sauran. Wani malami maƙwabcinta ya taɓa yi mata magana kan gina siffar abu mai rai. Ta karɓe shi da ladabi, ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ya zo, ya tarar yawancin abin da ake yi ba shi ma da kama da komai, kuma kafin magariba ya koma ruwa. Bai sake maganar ba. Daga baya ma ya turo ƙanwarsa da ta fita takaba amma ta kasa fita ɗaki.

Ni da na je, da niyyar aiki na je. Na ɗauki na'urar naɗar murya zan yi shiri a kanta. Ta dubi na'urar ta yi dariya.

"Ɗan rediyo, mi za ka ɗauka nan? Ka ji ana magana?"

"To, Yaya, ai sai in yi hira da su."

"Ka maida abinka aljihu, ka wanke hannu. In ba za ka iya ba, ga ƙofa can."

Na wanke hannu. Abin da na gani a ranar, da sauran Alhamis ɗin da na riƙa komawa, har yau ban samu kalmomin da suka yi daidai da shi ba, ni da kalmomi ne abincina. A tabarma ɗaya akwai wata yarinya, Nana, da ba ta wuce shekara shida ba, wadda wanta ya nutse a Gulbi a gaban idonta, tun lokacin ba ta sake magana ba. Kusa da ita akwai Sale, ɗan kabu-kabu, ƙato mai yawan barkwanci a da, wanda fasinjansa ya mutu a bayansa a wani haɗari da ba laifinsa ba, ya jingine babur ya koma zaman ɗaki. Can gefe ga tsohon nan da ya ƙi fensir, wanda ashe matarsa ce ta rasu bayan zaman shekaru masu yawa. Yarinya, saurayi da tsoho, ba mai dubin wani, ba abin da kake ji sai ƙarar yumɓu a tafin hannu. Nana ƙananan dunƙule take yi ta jera su biyu-biyu, sai ta ɗauke ɗaya ta ɓoye a bayanta. Makonni tana haka. Wata rana ta fito da wanda ta ɓoye, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ta dubi Barira ta ce, "Ya dawo ya sha ruwa." Maganarta ta farko ke nan. Uwarta da ke zaune a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Barira ba ta yi guɗa ba, ba ta rungume ta ba. "To, a ba shi ruwan," kawai ta ce, ta tura mata ƙoƙo. Sale kuwa dukan yumɓun ya riƙa yi da farko, kamar mai faɗa da shi. Sannu a hankali duka ya koma shafa. Ran da ya sake tada babur ɗinsa, Barira ya fara ɗauka, ya kai ta wurin aiki a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, tana yi masa tsiya wai da ƙafa ta tafi da ta riga shi isa.

Kada a ɗauka tana ganin yumɓu ya maye gurbin magani. Wanda ta ga ciwonsa ya fi ƙarfin rumfarta, da kanta take raka shi wurin likita. Wanda ya ce zai je a yi masa addu'a, takan ce ya je, ya dawo ran Alhamis. Abin da take faɗa shi ne, baƙin ciki kaya ne, kuma mutum ba ya iya sauke kayan da bai san girmansa ba. In ya fito da shi ya ajiye a gabansa, ya ga iyakarsa, to an fara.

Inna ba ta taɓa taka gidan ba. In an kawo zancen a gabanta sai ta taɓe baki ta ce, "Waccan ta tara manya suna wasan ƙasa. Halin gidan Indo ne." Amma Inna mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce, kuma kowace Alhamis da hantsi sai ta cika kwano da ƙuli-ƙuli mai zafi ta ce a kai Zariya, "a ba baƙin ɗiyar Indo." Barira takan karɓa ta ce a gaida mai ƙuli. Iyakar hirarsu ke nan, kuma sun daɗe a kanta.

Rashin lafiyar Barira bai yi tsawo ba. Ta kwanta a farkon damana, kafin gero ya fitar da kai ta cika. A wurin zaman makoki, Gwaggo Indo ce a tsakiyar ɗaki, ita ake yi wa gaisuwa, ita ke kuka ana ba ta haƙuri. Inna tana bakin murhu tana sa ido kan abincin baƙi. Da idona na ga ta shigo ɗakin, ta durƙusa gaban Gwaggo kamar sauran masu gaisuwa, ta ce, "Indo, ya haƙuri? Allah shi jiƙanta." Ta tashi ta koma bakin murhu. Tsofaffin da ke wurin suka yi ta jinjina mata, suna cewa irin waɗannan mata sun ƙare. Gaskiya suka faɗa. Amma ba wanda ya tambayi inda kukan ya tafi.

Bayan sadakar arba'in muka fara ganin inda ya tafi. Inna ta daina suyar gyaɗa. Matar da muryarta ke kaiwa gida uku in tana ciniki ta koma amsa gaisuwa da kai. Tuwo ta ɗan taɓa ta ture, daga baya ko taɓawar babu, sai kunu, shi ma kurɓi biyu. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura. Na kai ta wurin likita, ya ce tansiyon ɗinta, wato jininta, ya hau, ya ba da magani, sannan ya ja ni gefe ya ce maganin zai yi nasa, amma matar nan in ba ta koma cin abinci ba, ba za ta kai girbi ba. An yi addu'a, an yi sadaka. Na zauna gabanta na yi ta magana, duk abin da na sani na lallashi na faɗa. Ta bar ni na gama ta ce, "Ni mi ya same ni? Indo aka yi wa rashi. Ita za ka je ka ba haƙuri." Muna kallo mahaifiyarmu tana bin 'yarta, kuma ba ta da ikon ko faɗin sunan abin da ke kashe ta.

Ban san wanda ya kai labari Jiratawa ba. Wata safiya dai sai ga Sale ya tsaya a ƙofar gida, Gwaggo Indo a bayansa ta riƙe rigarsa gam, da wani ƙunshi a cikin algarara tsakaninsu. Sun biya ta Zariya sun ɗebo daga kwatarniyar Barira, wadda Sale ke zuwa yana yayyafa wa ruwa tun ran da aka yi rasuwar. Gwaggo ƙanwar miji ce ga Inna, akwai wasa tsakaninsu tun suna amare.

"Matarmu, an ce kin daina cin tuwon yayana. Ko wani ya fi shi ne kika gano?"

Inna ta kau da kai.

"Hajiya," in ji Sale, "wagga tsohuwa ta kusa yage mini riga. Ki ce ta biya ni."

Gwaggo ta ce, "Kai tafi can, ɗan nema. Kai da ke tafiya kamar jaki mai ciki."

Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gefen Inna, ba a gabanta ba. Ta kwance ƙunshin, ta ɗebi yumɓu ta fara murzawa tana ba Sale labarin tsadar taki. Inna ta dubi abin sau ɗaya ta ce, "Ku ɗauke mini ƙazantar nan." Ba wanda ya ɗauke. Da za su tafi, Gwaggo ta bar shi a nan bakin ƙofar ɗaki, ta kuma tafi da buhun da ake rufe shi.

Sai daga baya na gane dabarar. Gwaggo ta san matar yayanta. Inna ba ta iya ganin abu yana lalacewa ta ƙyale, ko na maƙiyinta ne. Kwana biyu yumɓun ya fara tsagewa a rana. Da safe na ga an yayyafa masa ruwa an rufe da tsohon zane. Na tambayi matata, ta ce ba ita ba ce. Gwaggo ta ci gaba da zuwa, duk zuwa da ƙarin yumɓu. Wata rana aka ga Inna ta jawo shi tana danna tsagar da yatsa, wai tana gyarawa. Wata rana kuma aka ga tana cuɗa shi da hannu biyu kamar yadda take cuɗa tunkuza in za ta fitar da mai. Ba ta gina komai. Curi ɗaya ne take haɗawa, ta ɗaga shi, ta ajiye, ta ƙara, ta sake ɗagawa. Yaran gida suka so tambaya, Sale ya zare musu ido. Dokar Zariya ta biyo yumɓun har gidanmu.

Ranar da abin ya faru na taso daga aikin safe, rana ta take. Na tarar da Inna da Gwaggo su biyu a inuwar ɗaki. Curin ya yi girma, ba shi da kai ba shi da ƙafa, dogo ne kawai mai santsi. Inna ta ɗaga shi da ƙyar, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta riƙe shi a ƙirji. Sannan ta miƙa wa Gwaggo.

"Indo, ɗauka ki ji."

Gwaggo ta karɓa. Ta auna shi a hannuwanta, ta ɗan jijjiga. Na ga fuskarta ta sauya. Ita ce ta karɓi yarinyar a ƙofar gidan magina fiye da shekara hamsin da suka wuce, hannunta bai manta ba.

"Da saura kaɗan, matarmu. Ta fi haka. Kin manta sai da kika cika ta da kunu kafin ku taso daga Tibiri?"

Inna ta ɗebo ɗan yumɓu kamar cikin tafi, ta manna, ta shafe wurin. Gwaggo ta sake ɗagawa.

"Yanzu ya yi. Haka take ran nan."

Daga nan ta miƙe tsaye, ta ce, "Juya." Inna ta juya, ta sunkuya. Gwaggo ta ɗora mata curin a baya, ta kwance mayafinta ta ɗaure mata shi, ta ja ƙulli a ƙirji kamar yadda ake yi wa mai sabon goyo. "Karɓi ɗiyarki, Habsu," in ji ta. "Ni riƙo aka ba ni. Na riƙe, na gama."

Ban taɓa jin wani ya kira Inna da sunanta a tsakar gidan nan ba sai ranar. Ta taka a hankali daga ƙofar ɗaki zuwa gindin rijiya ta dawo, hannunta ɗaya a baya yana tallafe da goyon, tana ɗan bubbuga shi. A zagaye na biyu kukan ya zo. Ba irin kukan makoki ba ne da ake yi da kalmomi. Wani sauti ne daga can ƙasan ciki, wanda ya daɗe yana jiran hanya, ina jin tun kafin a haife ni. Maƙwabta suka leƙo, Gwaggo ta ɗaga musu hannu suka koma. Na yi shekaru ina aiki da muryoyin mutane, na ji na masu mulki da na masu kuka, ban taɓa jin abin da ya sa ni tsayawa wuri ɗaya kamar wannan ba. Da ta gaji aka kwance mata, bayan rigarta duk ja. Ta zauna tana huci. Can ta ce wa matata, "Akwai sauran tuwon jiya? Ki ɗumama."

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Ƙarfi ya daɗe bai dawo ba, maganin likita ma ta ci gaba da sha. Amma ta kai girbi, ta wuce. Curin ya zauna a ɗakinta a lulluɓe, tana jiƙa shi. Gwaggo ta ce in tana so a ƙwaƙule cikinsa a gasa mata ta ajiye. Ta ce a'a. Wata Alhamis ta ɗaura zanen fita, ta aika a kira Sale, ta hau bayansa da ƙunshin a cinya. Ranar ta fara shiga gidan Zariya. Ta tsaya ta daɗe tana dubin rumfar da tabarmin. Sannan ta sa curin a kwatarniya da hannunta, ta zuba ruwa, ta tsaya har ya fara saki.

Yau in na ratsa gari nakan tambayi kaina me Barira za ta ce da ta ga Maraɗin yanzu. Baburan sun ninku, kowa da waya a kunne, mutum zai iya yini yana magana bai faɗi abin da ke damunsa ba. Za ta tarar da irin baƙin da ba ta sani ba: mata da yara da tsofaffi daga ƙauyukan bakin iyaka da 'yan bindiga suka tayar, waɗanda suka ga abin da ba a ba da labarinsa. Za ta tarar da samarin da ke neman barci a cikin ƙwaya. Ina jin za ta ce kwatarniya ɗaya ta yi kaɗan. Za ta kuma ji cewa abin da ake yi mata dariya a kansa yanzu ana taro dominsa, ana horar da ma'aikata kan warkar da zuciya ta hanyar zane da gini da hannu. Wannan zai faranta mata, don ba ta taɓa cewa ita ta ƙirƙiro shi ba. Abin da nake jin zai ɓata mata rai shi ne ɗaukar hoto. Na ga inda ake jera yara kowa ya ɗaga abin da ya zana, babba ya sunkuyo ya ce, "Faɗa wa baƙi mene ne wannan." Da tana nan da ta nuna wa babban nan ƙofa, kamar yadda ta nuna mini.

Rumfar Zariya tana nan. 'Ya'yan Barira sun bar gidan a buɗe ran Alhamis. Wata matashiyar ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a ƙarƙashinta ce ke kula da zaman, Sale ne ke kawo yumɓu daga Jiratawa in ya ragu, Nana ta zama budurwa mai surutun da sai an ce ta yi shiru. Gwaggo Indo ta rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Ba a taɓa kwashe kwatarniyar an wanke ba, ƙari kawai ake yi. Ke nan duk wanda ya sa hannu a cikinta yau yana taɓa ɗan abin da Nana ta dunƙula, da wanda Sale ya daka, da na tsohon da ya ƙi fensir, da goyon Inna. Barira ba ta bar gini da sunanta ba, ba ta bar ko tukunya ɗaya da za a ce ita ta gina ba. Abin da ta bari ƙasa ce mai laushi da ba a yarda ta bushe ba, da wata ɗabi'a mai wuyar koyo: ka zauna a gefen mutum, hannunka yana aiki, ka riƙe tambayarka.

Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya rage, amma ba ta fashin Alhamis. Wurinta yana kusa da kwatarniya, da kwanon ƙuli-ƙuli a gefe. In sabuwar baƙuwa ta zo ta tsaya tana jin nauyin zama, Inna ce ke tura mata curi ta ce, "Riƙe mini wanga, hannuna ya gaji." Har yau ba ta faɗi sunan 'yar farinta ba, kuma ban sa ran za ta faɗa. Makon jiya na gaya mata zan yi rubutu a jarida saboda cikar shekara bakwai. Ta ci gaba da murza yumɓu, har na ɗauka ba ta ji ba. Na miƙe zan tafi sai ta ce, "Ran nan a rediyo, sunan Indo ka faɗa."

"Ke kika ce, Inna."

"Na sani. Wanga karo ka sa nawa."

To, ga shi na sa. Barira 'yar Habsu ce, ta Tibiri. Ita ta haife ta, ita ta goye ta har yaye, ita ta kai ta Jiratawa a bayanta da cikinta cike da kunu. Allah ya jiƙan Barira, ya ba mahaifiyarta haƙuri.